Baba Zai Tafi Shago

Idan ana maganar iya tafiyar da yaro, Mai Aski bai yarda akwai wanda ya kama ƙafarsa a unguwar ba, kuma ba ya jin nauyin faɗin haka. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera biyu da madubi mai tsaga a gefe, amma iyaye sukan wuce shagunan da ke da fanka da talabijin su kawo masa 'ya'yansu. Yaron da aka shigo da shi yana turjiya yana tsala ihu, Mai Aski zai ɗora shi a kan katakon da yake gitta wa kujera, ya ɓoye kilifa a bayansa, ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya hau da kyanwa can sama?" Kafin yaro ya gama lalube rufi da ido an kwashe rabin kan. In ya farga zai sake buɗe baki, sai a nuna masa jirgi ta taga. Babu kyanwa, babu jirgi, amma aski ya ƙare, uba ya yi godiya, kowa ya kama gabansa.

Saboda haka ranar da aka yanke shawarar sa 'yarsa a ajin reno, ko a jikinsa. Yarinyar ita kaɗai Allah ya ba su, shekararta uku da 'yan watanni, ana ce mata Tsigi don ƙanƙantarta da bakinta da ba ya hutawa. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, tun gari bai gama wayewa ba take fita asibiti. Tsohuwar maƙwabciyar da ke riƙe musu yarinyar ta koma wurin ɗanta. Sun gwada shago, amma shago ba wurin yaro ba ne: gashi a ƙasa, hirar manya a sama, ga shi wata rana ya juyo ya tarar da ita ta buɗe kwalin reza tana jera su a kan benci.

Labarin rezar ne ya kai kunnen yayarsa, wadda Tsigi ke kira Gwaggo. Tana zaune a wani gari mai nisa, 'ya'yanta duk sun girma sun watse, gidan ya yi mata faɗi. Ta kira a waya ta ce, "Ku ba ni ita ta zauna wurina har ta yi wayo. Ku biyun nan ba ku da lokacin kanku, balle na yarinya."

Matarsa ba ta ce a'a ba, kuma hakan ya tsaya masa a rai. Abin da ta ce kawai shi ne a fara gwada makaranta, in ba ta karɓe ta ba, to Yaya ta yi gaskiya. Mai Aski ya yi dariya ya ce ta bar masa komai. A ransa kuwa ya san ba zai iya dawowa gida da yamma ya tarar babu mai rugowa ta cire masa hula ba.

Makarantar firamare ce, a ƙarshen layinsu bayan famfo. Ajin renon yana can baya, da ɗan shingensa da ƙofarsa daban, don kada manyan yara su bi ta kan ƙanana lokacin hutun tara. Malamar ajin, wata dattijuwa mai tabarau a rataye a wuya, ta zagaya da su. Komai na ɗakin an yi shi daidai tsawon masu shi: kujerun sun tsaya masa a gwiwa, wurin wanke hannu sai ya durƙusa, taga ma an saukar da ita yadda ɗan shekara uku zai ga waje ba tare da ɗage ba. Akwai faffadan akwati cike da yashi, da baho na ruwa da kofuna da mazurari, da darduma a kusurwa inda ake ba da labari kafin a tashi. A bango an jera maratayan jaka, kowanne da hotonsa a sama, saboda yaron da bai iya karanta sunansa ba ya gane nasa. Na Tsigi agwagwa ce. Ta taga ana hango lambun 'yan firamare, kowane aji da kunyarsa, da ɗakin karatu inda Malama ta ce 'yan aji biyar sukan zo su ɗauki littafi su karanta wa ƙanana.

Mai Aski ya duba, ya gamsu, ya ce lallai an kashe wa wurin tunani.

"Abu ɗaya nake roƙon iyaye," in ji Malama. "In za ku tafi, ku yi wa yaro sallama. Ku gaya masa za ku tafi, da lokacin da za ku dawo. Kada a sulale."

"Malama, yara ai sana'ata ce," ya ce da murmushi. "Kada ki damu."

Washegari ya kawo Tsigi a gaban babur, da sabuwar riga da jakar da ta kusa kai girmanta. Tana riƙe da yatsansa suka shiga. Ya ja ta wurin bahon ruwa, ya ce, "Tsigi, duba nan, kamar kifi na gani a ƙasa." Ta saki yatsan ta leƙa. Ya ja da baya a hankali, ya bi bayan wata mata mai goyo, ya fice. Ko tari yarinyar ba ta yi ba. Ya hau babur yana jin daɗin kansa, har ya ba wa abokin ciniki na farko labari, ya ce malaman zamani sun cika son wahalar da abu mai sauƙi.

Rana ta biyu kifi bai yi aiki ba, sai ya nuna mata wata yarinya mai jan ribom. Da ribom ya daina ci, ya ce zai je ya gyara tsayuwar babur ya dawo yanzun nan. Bayan babur aka koma alewa. Kullum yana fita lafiya, kullum kuma sai dabarar ta fi ta jiya tsada. Malama ta tare shi a ƙofa fiye da sau ɗaya ta ce tana son magana da shi, ya ce mutane na jira a shago.

A gida ne abin ya fara bayyana. Tsigi mai surutu ta koma shiru. In ya tashi zai shiga banɗaki sai ta bi shi ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran Baba har ya fito. In ya miƙa mata wani abu, ba ta kallon abin, fuskarsa take kallo. Ya kawo mata 'yar mota mai ƙara, ta karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana damƙe da wandonsa.

"Baban Tsigi, yarinyar nan ba daidai take ba," matarsa ta ce masa wata yamma tana ninke kayan aikinta. "Abincin da nake sa mata haka yake dawowa. Na yi magana da Yaya. Ta ce ƙarshen wata za ta zo."

"Za ta zo ganinmu?"

"Za ta zo ta tafi da ita. Ni ma ba so nake ba. Amma ina ganin yaran mutane kullum a asibiti, na san yaron da ke cikin damuwa."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai saba da shi ba. Da safe da Malama ta sake tare shi, bai ambaci shago ba.

"Ka dawo da hantsi," ta ce. "Kada ka shigo. Ka tsaya ta bayan lambu, daga can ana ganin cikin ajin."

Ya rufe shago ya dawo. Ya tsaya a gefen kunyar tumatir ta 'yan aji uku yana leƙe. Ɗakin ya cika da hidima. Wasu yara na ɗura ruwa daga kofi zuwa kwalba, rabi a kwalba rabi a ƙafarsu. Wasu sun gina gida da yashi suna gardamar inda ƙofa za ta kasance. Wata 'yar aji biyar ta zauna a darduma da littafi a buɗe, ƙanana sun yanyame ta har da mai hawa bayanta. Tsigi tana tsaye ita kaɗai, jakarta a baya, ta juya wa duk wannan ƙeya, ta zuba wa ƙofa ido. Wani yaro ya zo ya miƙa mata mazurari. Ba ta ko sunkuyar da kai ta duba ba.

Malama ta zagayo ta same shi. "Haka take yini," ta ce. "Ta ƙi rataye jakar. Ko zama a tsaye take yi, in akwai irin wannan."

"Ko dai ba ta son wurin ne?"

"Ba ta ga wurin ba tukuna, balle ta ƙi shi. Yarinyarka tana da kaifin kai. Ta lura duk lokacin da ta kalli wani abu mai kyau, kai ne kake ɓacewa. Sai ta daina kallo."

Mai Aski ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma bakin da ya saba kare kansa bai mutu nan take ba. "Malama, da wannan dabarar nake aske yara tun kafin in yi aure. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Na yarda. Jikana ma kai kake masa aski, kuma ya fi kowa taurin kai. Amma in ya gama neman kyanwar ya juyo, ubansa na nan tsaye inda ya bar shi. Ita ta juyo ba ta gan ka ba."

Ya sake duban Tsigi ta taga. Can ya ce, "To yaya zan yi?"

Ta gaya masa, kuma babu wani abin mamaki a ciki. Ya durƙusa daidai tsawonta. Ya ce zai tafi shago. Ya gaya mata lokacin dawowarsa da abin da ta sani, domin agogo ba ya mata amfani: bayan an ci abinci, bayan an gama labari. Sannan ya tashi ya tafi tana kallonsa, kada ya dawo ko da ta yi kuka.

"Za ta yi kuka?"

"Sosai ma. Wannan nawa ne, ka bar min. Naka shi ne in an rufe littafin labari ta ɗaga kai ta gan ka a ƙofa. Kullum, ba wata rana ba."

Da yamma ya roƙi matarsa ta bar maganar Yaya yadda take, in ta zo ta gani da idonta, abin da ta gani shi za a bi. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, don shi ba mutumin da ke yin abu rabi-rabi ba ne. In ya yarda ya yi kuskure, to da dukan ƙarfinsa yake gyarawa.

Gari ya waye, suka isa bakin aji. Tsigi ta riga ta naɗe hannu a wandonsa, tana jiran ta ji me za a nuna mata yau. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa siminti.

"Tsigi, Baba zai tafi shago."

Ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba.

"Zan tafi in yi wa mutane aski. Ke za ki zauna da Malama. In kun ci abinci, Malama ta gama labari, zan zo in ɗauke ki."

Sai ta fashe. Duk tsawon kwanakin nan bai taɓa jin kukanta na makaranta ba, don kullum ya yi nisa kafin a fara. Yau ya ji shi a gaban fuskarsa. Ta ƙanƙame wuyansa, tana cewa a'a, a'a, za ta bi shi, ba za ta taɓa reza ba. Harshensa ya yi ta ƙaiƙayin ya ce mata ga tsuntsu can, har ya ga inda zai nuna. Ya cije. Malama ta zo ta zauna a ƙasa kusa da su, ta zare hannun yarinyar a hankali ta rungume ta. Ya miƙe, ya ɗaga mata hannu, ya juya. Daga ƙofar aji zuwa inda ya ajiye babur ba wata tafiya ba ce, amma bai taɓa yin mai wuyarta ba. Kukan ya bi shi har bakin titi.

A shago ranar hannunsa kawai ke aiki. Wajen azahar wani direban tasi, tsohon abokin cinikinsa, ya zauna a kujera. Mai Aski ya kwashe masa gefen dama tas, ya ɗaga kai ya ga inda inuwar rumfa ta kai, ya kashe kilifa.

"Direba, zauna nan, ina zuwa."

"Ina za ka? Dubi kaina."

"Na yi alkawari da wata."

"To ka ƙarasa mana, saura kaɗan."

"Ita ma saura kaɗan ta ɗaga kai. Ga hula nan a ƙusa in kana jin kunya."

Ya bar shi da zane a wuya yana surfa masa magana. Ya isa makaranta Malama na kan shafin ƙarshe, yara sun zagaye ta a darduma. Tsigi na gefe a tsaye, idanu sun kumbura, jaka a baya. Aka rufe littafi. Ta gan shi a ƙofa. Ba ta rugo ba. Ta tako a hankali ta tsaya gabansa tana duban sa daga sama har ƙasa.

"Ka zo," ta ce.

"Na ce zan zo."

Ya ɗauke ta suka koma shago tare, ya zaunar da ita nesa da kwalin reza, ya ƙarasa wa Direba gefen hagu. Daga ranar duk unguwa ta san in azahar ta gabato ba a zama a kujerar Mai Aski, sai wanda ya shirya yawo da rabin kai.

Abin bai warware a rana ɗaya ba. Ta yi kuka washegari, ta yi wanda ya fi shi a ranar da ta biyo baya, har ya fara tunanin ko Malama ta auna abin ba daidai ba. Amma kalmominsa ba su canja ba, kuma ba a taɓa rufe littafi babu shi a ƙofa ba. Kukan ya fara gajarta. Wata rana ta dawo da yashi a cikin takalmi, uwarta ta zazzage shi a tsakar gida tana kallon mijinta. Wata rana kwanon abinci ya dawo wayam. Wata rana suna kan babur ta fara ba shi labarin wani yaro da ya sha ruwan baho, da yadda Malama ta ce ba a sha, da wake da suka shuka a gwangwani nata ya fi na kowa tsawo. Ba ta rufe baki ba har gida, shi kuwa bai taɓa jin surutu mai daɗin wannan ba.

Gwaggo ta iso ƙarshen wata kamar yadda ta ce, da tsaraba a jaka ɗaya, da wata jakar a ninke babu komai a ciki. Kowa ya ga jakar, kowa ya san don kayan Tsigi aka zo da ita. Mace ce mai son ƙaninta, amma ba ta taɓa yarda ya girma ba.

"An ce min yarinya ta rame ta daina magana," ta ce.

"Yaya, gobe ki raka mu makaranta. In kin ga abin da bai yi miki ba, ni da kaina zan haɗa mata kaya."

Ya faɗa kansa a sama, amma a tsorace yake, domin ko shekaranjiya sai da Tsigi ta ɗan yi hawaye a ƙofa, kuma yaro ba a yi masa lamuni.

Da safe suka tafi a ƙafa su uku. Gwaggo na tafe tana duba komai da idon mai neman aibi: shingen, famfon wanke hannu, 'yan firamare da suka yi layi da butocin ban ruwa za su lambu. A bakin aji Tsigi ta saki yatsan ubanta. Ta cire jakarta, ta yi ɗage ta rataye a ƙarƙashin agwagwa. Ta dawo ta tsaya gabansa.

"Baba, ka faɗa."

Ya durƙusa. "Baba zai tafi shago. In kun ci abinci, Malama ta gama labari, zan zo in ɗauke ki."

"To," ta ce. "Tafi."

Ta juya ta nufi akwatin yashi, ta kutsa tsakanin yara biyu, ta ƙwace cokali a hannun ɗaya, ta shiga haƙa. Mai Aski ya zauna a durƙushe yana kallon bayan 'yar rigarta. Ya ɗan jira ko za ta ɗago. Malama ta dube shi ta saman tabarau, ta nuna masa ƙofa da haɓa.

Suka fito. Sun kai bakin shinge kafin Gwaggo ta yi magana.

"Ko waiwayenka ba ta yi ba."

"Ba ta yi ba," ya ce.

Abin da ya yi ta nema ke nan, kuma ya samu. 'Yarsa za ta kwana a gidansa yau da gobe da jibi. Murna ta cika shi, amma a ƙarƙashinta akwai wani ɗan zafi da ba wanda ya gaya masa zai zo, na ganin yarinyar da ba ta iya sakin wandonsa ba ta ba shi baya hankalinta kwance.

Gwaggo ta gyara mayafi. "To, ni sai in kwana biyu in huta in koma. Mu je, kana da mutane a shago."

"Tsaya tukuna, Yaya," ya ce, ya dafa shingen. "Bari in ɗan tsaya."

Ta dubi fuskarsa, ta kau da kai, ta tsaya tare da shi.